Ranar da Na Ajiye Makirfo a Cocin Maamobi

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na ji ɗaya daga cikinku a bakin ƙofa yana gaya wa abokinsa cewa aikin Mma Rahila ba aiki ba ne. Wai fasto ya faɗa da Turanci, ita ta maimaita da Hausa, shi ke nan. Ban waiga ba, don ba na son in san ko wane ne. Amma tun da ku shida kun ba da sunayenku kuna son ku koyi tafinta, ku zauna ku ji yadda aikin yake daga bakin wadda ta yi shekara talatin da huɗu a tsaye a gefen mumbari.

Ni ma da irin wannan tunanin na fara. Mahaifina ɗan ƙabilar Kusasi ne daga wajen Bawku, ya zo Accra aikin gadi, kuma Kirista ne tun daga gida. Mahaifiyata 'yar unguwar Nima ce, nan maƙwabtanmu, a gidan Musulmi aka haife ta, bayan aure ta bi shi coci. Uwarta, Kaka Azumi, ba ta bar sallarta ba har ta koma ga Allah, kuma rabin ƙuruciyata a ɗakinta na yi shi. Na tashi da Hausa a baki, ga yaren ubana, ga yaren Twi da yaren Ga na titi, ga Turancin makaranta. Da na je wurin Baba Iliya, tafintan cocinmu na wancan lokaci, na lissafa masa harsunan nan biyar da yatsu. Tsoho ne mutumin Zariya, ya zo ƙasar nan tun yana saurayi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, 'yata, kin iya magana. Saura ki iya ji."

Shekara biyu bai bar ni na taɓa makirfo ba. Ina zaune a benci na farko da takarda da fensir. In an tashi sai ya kira ni bayan coci, ƙarƙashin rumfar mai gyaran keke, ya ce, "Me fasto ya ce?" In faɗa. "Ni kuma me na ce?" In faɗa. "Ina suka rabu?" In ban gano ba, sai ya tashi ya tafi gida ya bar ni a nan. Ran Talata da Juma'a yana tura ni Kasuwar Malam Atta, ba sayen komai ba, in zauna kusa da masu sayar da barkono da gero in ji yadda suke faɗa, yadda suke gaisuwar mutuwa, yadda suke lallashin yaro. Da rana yana kunna rediyo, mai labarai yana karantawa da Turanci ni kuma ina binsa da Hausa, ba a tsayawa don ni.

Ranar da ya fara miƙo mini makirfo, wani fasto Bature ne ya zo. Na yi minti goma lafiya. Sai ya yi shelar cewa ikilisiya za ta yi azumin kwana uku. Kun san a Turanci kalmar azumi da kalmar sauri ɗaya ce. Na buɗe baki na gaya wa mutum ɗari da wani abu cewa daga ranar Laraba kowa zai yi sauri har kwana uku. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Zuwa ina?" Coci ya ɗauki dariya, Baturen yana ta murmushi, yana tsammani wa'azinsa ne ya yi daɗi. Baba Iliya bai karɓe makirfon ba. Ya zauna hannu a ƙirji, ya bar ni na gyara da kaina, na kuma ƙarasa sauran minti arba'in ɗin.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wannan da kuke gani an ɗaure da robar taya, na Baba Iliya ne, rubutunsa da nawa sun cika gefen shafukan. Fensir, ba biro ba, don ra'ayinka a kan kalma zai canja. Citta da zuma da safe. Ruwan ƙanƙara ba ya shiga maƙogwarona daga daren Asabar har a tashi. Takalmi marar tsini, don wa'azin wasu yana kai awa biyu. Kuma wurin tsayawa: hagun mai wa'azi, rabin taku a bayansa, inda za ka ga gefen bakinsa ka kuma ga fuskokin jama'a. In ya yi tsawa ka ɗaga murya, amma kada ka wuce shi. In ya yi kuka, kai ba ka da izinin kuka, domin wani yana jiran ƙarshen jimlar.

Abin da ba ku sani ba shi ne Hausa uku ce take zaune a bencinan nan kowace Lahadi. Akwai ta Littafi, wadda aka rubuta a Najeriya. Akwai ta masu albasa 'yan Nijar da suke zuwa daga kasuwar Agbogbloshie, cikakkiya, suna jin kuskure tun kafin ka rufe baki. Akwai kuma tamu ta Nima, inda mace ma "ya zo" ne, inda rabin magana Twi ne, ita ce kuma matan Frafra da Kusasi da Dagomba suka koya a kasuwa. Jimla ɗaya za ka yi, dole ta isa duka ukun. Wata rana aka yi wa'azi a kan kurangar inabi da rassanta. Na faɗi kalmar yadda take a Littafi, na ga fuskokin mata sun tsaya cak, babu wadda ta taɓa ganin inabi a jikin itace. Ban canja shi zuwa wani tsiro ba, ba ni da wannan ikon. Na ce inabi, na ƙara kalma huɗu kawai, "mai yaɗo kamar kabewa", sai na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Kalma huɗun nan sai da na je na gaya wa faston bayan sujada cewa na sa su.

Dokar Baba Iliya ke nan, kuma ita kaɗai ya sa na haddace. "Kada ki rage, kada ki gyara, kada ki sa wa mutum maganar da bai yi ba. In abu ya fi ƙarfin bakinki, ki faɗa a fili cewa ba za ki faɗa ba, kowa ya ji. Amma ƙarya da sunan wani, babu."

An taɓa kirana asibiti saboda wata 'yar cocinmu, Marta, mai ɗaukar kaya a ka a Agbogbloshie. Motar doya ce ta yi baya ta taka mata ƙafa. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Twi, Hausar ma ta kasuwa ce. Likita ya ce za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma gobe. Faston da muka je tare ya matso kunnena ya ce, "Ki ce mata za su yi ƙoƙari." Na ce masa, "Fasto, in kai kake son ka gaya mata haka, faɗa, zan ce kai ka ce. Amma likita ba haka ya ce ba." Na juya na gaya wa Marta maganar likita, kalma bayan kalma. Ta kalli ƙafarta. Sannan ta ce, "Zan iya ɗaukan kaya?" Na tambayi likita, ya ce a'a, na ce mata a'a. Bayan haka ne muka yi addu'a, kuma ta san abin da take roƙo. Ita ce mai sayar da tumatir a bakin layinmu, wadda take zama a benci na biyu da sandarta.

Cocin nan, kun gani da idonku, tsohon ɗakin ajiyar kaya ne, tsakaninsa da masallacin Malam Garba bai kai taku talatin ba. Tun zamanin iyayenmu akwai tsari: muna tashi kafin azahar, in kuma aka kira salla muna ciki sai a kashe lasifikar waje. Ranar Kirsimeti shinkafarmu tana shiga gidajensu, ranar Layya namansu yana shiga namu. Kada wani ya ɗauka wannan yana nufin ɓoye abin da muka gaskata. Shekara talatin da huɗu ina faɗin Yesu Ɗan Allah a lasifika a tsakiyar Maamobi, ban taɓa rage murya a kan kalmar ba. Malam Garba ya sha tare ni a hanya mu yi gardama a kai, shi ya kawo nasa ni in kawo nawa, mu rabu yana tambayata ciwon gwiwar mijina.

Shekarar da ta fi kowace wuya ta fara ne da taron farkawa na kwana uku. Dattawan coci suka gayyato wani mai wa'azi daga wani babban coci na bayan gari, ya zo da motoci biyu da nasa lasifikoki. Fastonmu, Fasto Adongo, yana kwance ba lafiya, saboda haka Dattijo Ofori, shugaban dattawa, shi ne mai riƙe da komai. Aka kafa rumfa a layi, aka juya lasifikokin suna kallon gidaje. Ranar farko da ta biyu na bi baƙon lafiya. Mai gudun magana ne, ba ya bar wa tafinta wuri, amma na saba da irinsu.

Rana ta uku da la'asar, mutane suna fitowa daga masallaci, sai ya nuna su da yatsa. Ya fara da unguwar, ya ce la'ananniya ce. Wannan na faɗa, don ra'ayinsa ne kuma da bakinsa ya ɗauka. Sai ya wuce kan sallarsu, ya kwatanta ta da wani abu, daga nan ya sauka kan matattunsu da ke kwance a maƙabarta. Abin da ya ce ban faɗa a ranar ba, yau ma ba zan faɗa muku ba. Ya tsaya yana jirana. Na matso da makirfo na ce da Hausa, "Baƙonmu ya faɗi magana a kan maƙwabtanmu da iyayensu da suka rasu. Ni Rahila ba zan maimaita ta ba." Na sake faɗin haka da Turanci don shi ma ya ji. Na ajiye makirfon a kan tebur, na sauka.

Samarin layin da yawa suna jin Turanci, sun riga sun ji. Kafin in kai ƙasa sun fara taruwa a bakin rumfar, wani ya riga ya fizge wayar lasifika ɗaya. Malam Garba ya fito da carbinsa a hannu ya tsaya tsakaninsu da mu. Ya ce, "Kun ji 'yar unguwarku ta ƙi faɗa. Da Hausa ba a zage ku ba. Kowa ya koma gida." Ya daɗe yana maimaitawa kafin suka watse. Baƙon ya shiga motarsa, ba a yi addu'ar rufewa ba.

Ranar Laraba dattawa suka kira ni. Dattijo Ofori ya ce na kunyata bawan Allah a gaban waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Wani ya ce ai da na yi dabara, in sassauta maganar, in ce wani abu mai kama da ita, da babu wanda zai sani.

Na ce, "Ni zan sani. Samarin da suke jin Turanci za su sani. Daga ranar kuma duk abin da na faɗa a kan mumbarin nan, wa zai yarda shi aka faɗa?"

Dattijo Ofori ya ce, "Sista Rahila, tafinta ba shi da ra'ayi."

Na ce, "Ba shi da ra'ayi, amma yana da kaka. Tawa tana cikin maƙabartar da ya ambata."

Suka ce in tsaya gaban ikilisiya in nemi gafara, in rubuta wa baƙon takarda. Na ce in akwai wanda na yi wa ƙarya a nuna mini shi in durƙusa masa yanzu. Suka rubuta a takarda cewa an dakatar da ni har sai na tuba, suka karanta ta ranar Lahadi da Turanci. Babu mai fassarawa, sai ni na tashi daga wurin zamana na faɗa wa jama'a da Hausa abin da takardar ta ce, ban rage ko kalma ba, na zauna.

Wata goma sha ɗaya na yi a bencin ƙarshe. Labari ya zaga, coci-cocin da suke kirana bikin aure da jana'iza a Nima da Kotobabi suka daina. Na koma suyar ƙosai da safe a bakin titi kusa da mai koko. Wasu suka ce in koma wani coci, akwai masu so na. Na ce a nan aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura aurena, a nan aka yi wa ubana addu'ar ƙarshe, ban ga wanda zai tashe ni ba. Kowace Lahadi ina zuwa kafin mai buɗe ƙofa, da Littafina, da citta a baki kamar kullum.

Dattawa suka sa wani ɗalibin jami'a, Emmanuel, a wurina. Yaron kirki ne, Turancinsa ya fi nawa, ba kuma laifinsa ba ne. Amma yana bin kalma ɗaya ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kafin ya kai ƙarshen jimla an manta farkonta. Shugabar zumuntar mata a lokacin Mma Laraba ce, tsohuwa mai sayar da dawadawa, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Wata Lahadi dai aka kai ƙarshen addu'a, gefen maza suka ce amin, gefen mata shiru. Mako na gaba ma haka. Dattijo Ofori ya aika a tambaye ta. Ta ce, "Mu ba mu ji abin da an roƙa ba. Mutum ba ya sa hannu a takarda da bai karanta ba." Dattawa suka zarge ni da zuga matan. Ban zuga kowa ba, ban kuma hana kowa ba.

Mma Laraba ta rasu da damina. 'Ya'yanta bakwai, huɗu Musulmi, uku Kirista. Aka kafa rumfa a ƙofar gidanta a Nima, aka cika layi da kujeru, gefe ɗaya zumuntar mata da fararen ɗankwali, ɗaya gefen malamai da alhazai da 'yan kasuwa, Malam Garba a sahun gaba. Fasto Adongo har lokacin bai warke ba, Dattijo Ofori ne zai yi wa'azi. Ina zaune can baya. Ya miƙa wa Emmanuel makirfo na biyu, sai babban ɗan marigayiyar, Alhaji Seidu, ya tashi ya je ya tsaya gabansa.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mma ya bar magana. Ya ce ranar nan Rahila ne zai tsaya. Ya ce yana so 'ya'yansa duka su ji abin da za a faɗa a kansa."

Dattijo Ofori ya kalli jama'a, ya kalli akwatin. Emmanuel da kansa ya sauko ya ratsa kujeru ya kawo mini makirfon. Na hau na tsaya a hagun Dattijo, rabin taku a baya. Ya rufe nasa makirfon da tafin hannu ya ce da ni a hankali, "Kin shirya neman gafarar?"

Na ce, "A'a."

"Za ki faɗi abin da zan faɗa?"

Na ce, "Dubi fuskokin nan, Dattijo. Duk abin da ka iya faɗa musu, zan faɗa."

Ya janye hannunsa daga makirfon. Sannan ya buɗe Littafi ya yi wa'azi a kan tashin matattu. Bai ɓoye komai ba, ya ce Mma Laraba ta mutu tana dogara ga Yesu, kuma saboda shi za ta tashi. Na faɗa da Hausa yadda na layin ƙarshe zai ji. Ya yi maganar dawadawarta, da yaran maƙwabta da ta goya, da yadda take tashin jikokinta sahur da azumi ita da ba ta yi. Da aka kai ƙarshen addu'a, amin ɗin da ya fito daga gefen mata sai da ya sa jariri kuka.

Ana watsewa Malam Garba ya tsaya a gabana, ya ce, "Rahila, rabin abin da kika faɗa ban yarda da shi ba." Na ce na sani, Malam. Ya ce, "Amma na ji duka."

Ranar Lahadi ta gaba na zo da wuri kamar kullum. Da lokacin wa'azi ya yi, na tashi daga bencin ƙarshe, na bi tsakiyar coci, na ɗauki makirfo daga kan tebur na tsaya a wurina. Dattijo Ofori yana kallona, ni ma ina kallonsa. Bai hana ni ba. Shekara tara ke nan. Shi ya rasu, ni na tsaya a jana'izarsa na fassara. Takardar kuwa tana nan cikin akwatin ofis, babu wanda ya janye ta, ni ma ban roƙa ba. In kuna son ku sani, wadda za ta koya muku aikin nan har yau a dakace take.